Tsirkiya Huɗu da Hannun Hagu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata ta daina hawa kujera don sauko da kaya daga saman kabad, ga jikoki cike da gida. Mu nan da sauƙi. Na koma kamfanin ɗinki, an mayar da ni aikin safe don in riƙa dawowa da wuri.

Na rubuto ne maimakon in kira, tunda injin zarto ya cinye maka kunne. Duk abin da na faɗa a waya sai ka ce "to, to", ka ajiye, ba ka ji komai ba.

Maigidan yana samun sauƙi daga shanyewar ɓarin jikin. Bakinsa ya koma daidai, magana tana fita sai dai a hankali, ƙafar ma yana jan ta da sanda har bakin ƙofa. Hannun hagun ne ya ƙi. Yatsun a lanƙwashe suke, in zai buɗe su sai ya sa na dama ya miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin bas sun sallame shi cikin ladabi. Tun daga nan yake wuni a kujerar bakin taga, yana kallon titi, yana yi wa direbobin da ba sa jin sa gyara.

Likitar gashin ƙashi ta tambaye ni me yake yi da hannunsa a da, ban da riƙon sitiyari. Na ce yana kaɗa ukulele, 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu, wadda ya dame ku da ita lokacin da muka zo hutu. Ta ce to ita ce maganinsa, ya riƙa danna tsirkiya da yatsun hagu kullum. Na zaro ta daga ƙarƙashin gado, na goge, na ba shi. Yaya, in ya sa yatsa ɗaya sai ya taushe tsirkiya biyu. Tsirkiyoyin a matse suke, yatsunsa kuwa ka san su, kamar na mai fasa dutse, ga shi yanzu ba sa zuwa inda ya aike su. Ya ɗan gwada, ya miƙo min ita, ya ce in mayar inda na ɗauko.

Na zaga shaguna, duk faɗinsu ɗaya. Shi ya sa na ce bari in roƙe ka. Na san kujera da ƙofa kake yi, amma ban taɓa ganin abin katako da ya gagare ka ba. Na auna da tef ɗina na ɗinki, na ƙara abin da nake ganin zai ishe shi. Ka ƙera masa wata, milimita talatin da biyar. Na sa hoton tsohuwar a cikin ambulan.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Takardarki ta iso, ta same mu lafiya. Inna ta ce a gaya miki ita ta haife ki, ba ke kika haife ta ba, kuma kujerar ni na ƙera, ba za ta karye ba. Ki gaida Direba, Allah ya ƙara sauƙi.

Ban taɓa yin abin kiɗa ba. Na kai hoton wurin wani mai gyaran jita a bayan kasuwa. Ya bar ni na jujjuya wata da aka kawo masa, na haska cikinta da tocila, na auna abin da zan auna. Gangar jikin ba komai, akwati ne mai ƙugu. Wuyan ne mai wuyar.

Kafin in taɓa katakon kirki, ga gwaji na sa miki a gidan waya. Guntun katako ne na fere shi siffar wuya, faɗinsa talatin da biyar cif a sama, yadda kika ce. Na kafa ƙusoshi, na ɗaura zaren kamun kifi guda huɗu a madadin tsirkiya. Ba zai yi ƙara ba, na riƙewa ne kawai. Ki ba shi ya danna, ki duba ko yatsansa na taɓa zaren da ke kusa.

Akwai saman tsohon teburin Baba a bayan shago, wanda ƙafafunsa suka ruɓe. Ya bushe tun kina makaranta, ba zai ƙara motsi ba. Da shi nake so in yi, in gwajin ya yi daidai.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. A gaida Inna.

Sandar ta iso. Na ɗora ta a kan tsohuwar ukulelen, sai ga su kamar tagwaye, ba bambanci ko na gashin kai. Na tsaya ina kallon su har shayina ya huce. Talatin da biyar ɗin da na ce, daga tsirkiya ta farko zuwa ta huɗu nake nufi, ba faɗin katakon ba. Ta shago ashirin da takwas ne tsakaninsu, na ƙara bakwai. Na ɗauka haka na rubuta. In ma ban rubuta ba, ai kai ne kafinta, da ka tambaya.

Abin haushin, a gabansa na buɗe kwalin. Na riga na cika baki cewa Yaya yana yi masa wadda ta dace da hannunsa. Ya karɓa, ya danna, yatsa ya kwanta a kan zare biyu. Ya ce, "Ki yi wa Yaya godiya. Ki ce masa ba katakon ne da laifi ba." Ya juya ya ci gaba da kallon taga. Ranar ko ƙwallon roba da likita ta ce ya riƙa matsawa bai taɓa ba.

Don Allah ka sake.

Auta

*

Auta,

Mun ji, muna lafiya. Ƙaramin yaron ya yi zazzaɓi, ya warke, ya koma ɓarna.

Lamba ɗaya kika ba ni, na ɗauka ta katako ce, don mu da katako muke magana. Ya wuce.

Ga yadda abin yake. In tsirkiyoyi suka ci talatin da biyar, dole a bar musu gefe, huɗu ta nan, huɗu ta can. In ba haka ba, ta bakin za ta riƙa zamewa tana faɗawa waje duk lokacin da aka danna ta. Kin ga wuyan ya zama arba'in da uku ke nan. Na fere ɗaya haka na riƙe. Ni da hannuna ke lafiya, sai da na ji shi a gindin babban yatsa. Abu biyu ne ke ja-in-ja. Yatsu masu kauri suna son tazara, hannun da ba ya buɗewa yana son wuya siriri. Abin da kika ƙara wa wannan, kin rage wa wancan.

Don haka ga sanduna uku: talatin da takwas, arba'in, da arba'in da uku. Faɗin katako ke nan, kada mu sake. Na rubuta lambar kowacce a bayanta da fensir, na kuma rage musu kauri ta baya don tafin hannu ya samu wurin zama. Kada ki gaya masa wacce ce wacce. Ki ajiye su a kan kujera kusa da shi ki shiga kicin, ki ga wadda zai daɗe da ita a hannu.

Sai tambaya ɗaya. Da wane hannu zai riƙa dannawa, hagu ko dama? A saman wuya akwai ɗan guntun ƙashi mai tsaga huɗu, ta kansa tsirkiyoyi ke bi. Tsirkiyoyin ba kaurinsu ɗaya ba, kowacce da tsagarta daidai jikinta. In an tsaga, an tsaga. Ina so in ji kafin in sa magagari.

Yayanki

*

Yaya,

Lafiya muke. Arba'in ya zaɓa. Mai faɗin ma bai iya zagaya ta da hannu ba.

Tambayarka ta ƙarshe na karanta, na sake karantawa. Hagu. Don hagun ake yin abin gaba ɗaya, ko ka manta? Na sha jin irin wannan a bakin danginsa, masu cewa in haƙura da wahalar asibiti, hannu ya riga ya tafi. Na ji a wurin aiki. Ban zaci zan gan ta da rubutunka ba. Kai ba ka nan satin jiya da ƙaramin yatsansa ya motsa da kansa, ni ina nan.

In kana ganin asarar teburin Baba za a yi, ka faɗa a fili, sai a bari.

Auta

*

Auta,

Da fatan kun wuni lafiya. Inna tana gaishe ku, ƙafar ta ɗan kumbura amma tana takawa.

Tambayar ƙashi na yi, ba ta mutum ba. Na tsaga yadda kika ce, hagu ke dannawa.

An gama. Wuyan arba'in ne a sama, yana ƙara faɗi kaɗan-kaɗan har inda ya haɗu da jiki. Daga tsirkiya ta farko zuwa ta huɗu talatin da biyu, gefe huɗu-huɗu. Ƙashin sau biyu na yi shi. Na farko na raba tsagogin daidai-wa-daida daga tsakiya zuwa tsakiya, da na ɗaura sai na ga ta ukun, mai kaurin, ta cinye wa maƙwabtanta fili. A ido ba komai ba ne, amma yatsa zai ji. Na jefar, na sake wani, na auna filin da ke tsakanin tsirkiya da tsirkiya ya zama ɗaya ko'ina. Na kuma saukar da su kusa da katako gwargwadon yadda za su sauka ba su yi zuzu ba, don kada ya sha wahalar dannawa. A ƙasa, wajen da ake kaɗawa, na ƙara buɗe su.

Mai gyaran jita ya ɗaura tsirkiyoyin gaske ya saita murya. Ya kaɗa, ya ce ya ga waɗanda suka fi ta muni a shago. A bakinsa wannan yabo ne. Matata ta ce sai yanzu ta san inda nake kai yammacina, da ta fara zargin wata ce.

Na naɗe ta da bargo, na yi mata akwati. Kada ki ajiye ta inda rana ke bugawa ta taga. Ki rubuto in ta iso.

Yayanki

*

Auta,

Lafiya dai? Mu muna nan kalau.

Wata ya wuce, na biyu ya yi nisa, shiru. Na je gidan waya, sun ce an karɓi akwatin, sun nuna min sa hannu, naki ne. Matata ta kira ki, kin ce kina kan keken ɗinki za ki kira, ba ki kira ba. Inna kullum da safe sai ta tambaya, na ƙare dabarun amsa.

In ta fashe a hanya, ki faɗa, katako bai ƙare ba. In ba ta yi masa ba, ki faɗa, wuya ana sakewa. In fushi ne, ki yi da ni, amma ki rubuto wa Inna ko layi biyu. In kuma jikin Direba ne ya tashi, wannan ba abin da za ki riƙe ke kaɗai ba ne.

Yayanki

*

Yaya,

Ni ne, surukinka. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da mutanen gida. Jikina da sauƙi, ban koma asibiti ba sai ranar gashin ƙashi. Takardarka na gani a kan firij, ta kwana biyu a nan ba a amsa ba, na ce bari in amsa tunda hannun rubutu lafiyarsa lau.

Ukulele ta iso ba ko ƙwarzane. Ban taɓa riƙe irinta ba. Faɗin ya yi. Yatsa ɗaya, tsirkiya ɗaya, ba ya taɓa ta kusa. Aikinka ba shi da laifi, na gode ƙwarai.

Ƙanwarka in ta dawo aiki, ko mayafi ba ta cirewa, sai ta jawo kujera ta zauna gabana kamar mai ba da lasisin tuƙi. In danna, ta saurara. Yatsan yana zuwa wurin, amma ba ƙarfi, sautin sai ya fita a mace. Kafin in kai na biyu, waƙar ta yi gaba ta bar ni a tasha. Haka muka yi ta yi. Da muka koma wurin likita, ta duba, ta ce hannun zai riƙe kofi, zai sa maɓalli in an dage, fiye da haka kuwa kada mu sa rai sosai. Ina jin shi ya sa ƙanwarka ba ta rubuto ba. Ba fushi take da kai ba. Ba ta son ta ga maganar a kan takarda ne.

Wata rana tana wurin aiki, na gaji da kallon titi, na ɗauko ta na juya ta. Dama a wuya, hagu a ciki. Na saki babban yatsan hagu ya bi ta kan tsirkiyoyin, don wannan ba ya son ƙarfi, nauyin hannun ma ya isa. Yaya, sai ga murya. Na daɗe ban ji abin da na yi da kaina ya fita daidai ba.

Hannun dama bai taɓa dannawa ba, sabon ɗan koyo ne, komai daga farko. Kuma tsirkiyoyin sun koma a kife. Na kwance su na musanya, da haƙori da hannu ɗaya. Mai kaurin ta ƙi shiga tsagar da ba tata ba, siririyar kuma tana iyo a cikin babbar tsaga, tana zuzu. Sai na tuna ka taɓa tambaya. Na mayar da su yadda suke kafin ta dawo.

Shekaranjiya an tashe su da wuri, ta shigo ta same ni riƙe da ita a juye. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu. Na ce, "Sannu da zuwa." Ta ce, "Yauwa." Ta wuce kicin. Har yanzu ba mu yi maganar ba.

Roƙona, ka yi min wani ƙashin, na mai dannawa da dama. Amma kada ka aiko da sunana. Ka aiko mata. Ita ta yi ta ɗawainiya da hannun nan tun ranar da na faɗi, ba zan sallame shi a bayan idonta ba. In ta ga dama ta sa. In ba ta sa ba, zan ci gaba a kife, ba wani abu.

Surukinka

*

Auta,

Muna lafiya. Na karanta wa Inna cewa kuna lafiya, ta ci abinci.

Ga ƙashi a cikin ƙyallen nan. Faɗinsa ɗaya da na farko, tazara ɗaya, tsagogin ne kawai suka juya. Mijinki ne ya roƙa, ya ce in aiko miki.

In za a sa: a sassauta tsirkiyoyi a cire su. A ɗora ɗan katako a jikin tsohon ƙashin ta wajen wuya, a buga a hankali, zai fita, ɗigon gam ɗaya ne ke riƙe da shi. A kankare wurin, a sa sabon, gefen da na yi wa alamar fensir ya kalli ciki. Gam ɗigo ɗaya, kada ki cika hannu yadda kike yi da gishiri. Wajen ƙasa ba sai an taɓa ba. Shi ya san jerin tsirkiyoyin.

Ban ce ki sa ba. Tsohon ma kada a jefar, yana komawa.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Da fatan kana lafiya, da matarka da yara. Ka ce wa Inna tata takardar tana hanya daban, doguwa, ta shirya zagina.

Ƙashin ya yi kwanaki a aljihun rigar aikina. Ina ɗinki ina jin sa yana tokarina. Wata abokiyar aikina ta gani ta ce ko haƙorin wani na cire. Ranar gashi na tambayi likita, ta ce ya kaɗa ta duk yadda ta kaɗu, motsin babban yatsan ma aiki ne, amma kada a bar ƙwallon roba. Na so ta ce a'a. Ba ta ce ba.

Ranar hutuna na shimfiɗa tawul a kan tebur na ce ya kawo ta. Bai tambaye ni komai ba. Ya matse jikinta tsakanin gwiwoyinsa, ni na buga da bayan cokali, tunda ba mu da guduma. Bugu biyu ya fita. Na kankare gam ɗin da abin farke ɗinki, na sa ɗigo ɗaya, ɗaya tak, ka ji. Yana faɗa min wace tsirkiya ke bin wace, ina zurawa ina ɗaurewa. Mai kaurin ta zauna a tsagarta kamar an haife ta a ciki. Tsohon ƙashin yana cikin gwangwanin allurai.

Ba zan yi maka ƙarya ba, kiɗan ba daɗi. Sauti uku ya iya, su yake ta maimaitawa, tsakanin na biyu da na uku kuma sai ka sha ruwa ka dawo. Hagun yana saukowa a kan tsirkiyoyin da nauyi, wani lokaci ya wuce su gaba ɗaya ya bugi katako. Ina kallon hannun, sai in tashi in nemi wanki. Kujerar dai ta bar bakin taga, don ka ce kada rana ta buga ta, shi kuma ba ya yarda ya zauna nesa da ita.

Jiya da rana ina guga aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarmu ce, ma'aikaciyar jinya, mai aikin dare tana barcin rana. Idonta jawur. Ta ce, "Maƙwabciya, don girman Allah, wane yaro kuka samu a gidan nan?" Na ce ba yaro ba ne, maigidan ne. Ta leƙa ta kafaɗata ta gan shi. Ita ta taya ni ɗaukar sa ranar da ya faɗi. Ta ce, "To, ki ce masa sannu. Amma ya rage, ko ya koyi sauti na huɗu."

Na ba ta haƙuri na rufe ƙofa. Ya ce, "Me ta ce?" Na ce ta ce ka dame ta. Ya ce, "Har ɗakinta ake ji?" Na ce har ɗakinta. Ya ce to, ya gyara zama, ya ci gaba.

Ƙanwarka,
Auta